Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin tafiya aiki Bangui

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce wani kamfani mai yi wa ƙungiyoyin agaji jigilar kaya ya ɗauke ka aikin kula da sito a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kwangilar shekara guda, kana tambaya ko ka je, ko ka tafi da iyali, da kuma shirin da za ka yi.

Zuwa kam ana zuwa, mutane na can suna cin abincinsu. Iyali kuwa ka bar su a gida. Majalisar Ɗinkin Duniya kanta ba ta yarda ma'aikatanta su kai mata da yara Bangui, ga su da jirage da asibitinsu da sojoji. Kai da ba ka da ko ɗaya daga ciki, kada ka fi su ƙarfin hali.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne yawancin shawarwarin da za ka ci karo da su an rubuta su ne domin Bature. Shi Bature barazanarsa ɓarawo da cuta. Kai kuma Bahaushe ne Musulmi, da sunanka da kamanninka, kuma a ƙasar nan waɗannan biyun suna da tarihi. Ranar 24 ga Maris 2013 ƙawancen Seleka, wanda akasarin mayaƙansa Musulmi ne daga arewa maso gabas har da 'yan Chadi da Sudan, ya kori Shugaba François Bozizé ya ɗora Michel Djotodia. Ɓarnar da suka yi ta haifar da 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai masu adawa da Seleka, waɗanda suka afka wa Bangui ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar, suka huce a kan duk wani Musulmi, ɗan kasuwa ne ko makiyayi. A 2014 dubban mutane suka tsere Kamaru da Chadi, cikinsu da Hausawan da kakanninsu ma a can aka haife su. Waɗanda suka rage suka tattaru a unguwar PK5. Yau abin ya lafa sosai a cikin gari, ana Juma'a a babban masallaci, kasuwar PK5 ta koma ci. Amma a shingen soja na bayan gari, mai dogon hanci da riga da hula har gobe ana iya yi masa kallon ɗan tawaye, domin ƙungiyoyi irin su UPC da 3R da sunan kare Fulani suka tashi. Sojan da ke tsaye a shinge ba zai tsaya bambanta Bakano da Bacade ba. Takardarka ce za ta bambanta ku.

Saboda haka takardu su ne jarinka na farko. Fasfon ECOWAS ba ya buɗe maka ƙofa a nan, yankin CEMAC ne, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ɗan Najeriya sai da biza, kuma a same ta kafin a hau jirgi. Katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa, ana tambayar sa a filin jirgin M'Poko. Idan zama ya wuce wata uku sai katin zama, abin da suke kira carte de séjour. A rubuta cikin kwangila cewa kamfani ne zai nema ya biya, don idan biza ta ƙare kana jira kai za a kama, ba manaja ba. Duk fita bayan gari kuma sai da ordre de mission, takardar da ke ɗauke da sunanka, lambar mota, inda za ka da ranar dawowa, da hatimin kamfani. Ka yi kwafi kamar biyar na kowace takarda, ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani a gida. Fasfo kuwa kada ka miƙa wa mai aiki "ya ajiye maka". A 2025 wasu 'yan Najeriya masu haƙar ma'adinai suka maƙale a daji wajen Bambari, ba albashi ba fasfo a hannunsu, sai da bidiyonsu ya karaɗe intanet ofishin jakadancin Najeriya ya shiga maganar aka kwaso su. Satin farko ka je wannan ofishin jakadancin a rubuta sunanka da lambar wayarka.

Kwangilar ita ma a zauna a karanta ta da wanda ya iya Faransanci. Albashi da wane kuɗi, kuma a ina za a biya? Wa ke biyan haya, da man janareto, da maigadi? Hutu duk bayan sati nawa, tikitin a kan wa? Manyan ƙungiyoyi kan fitar da ma'aikatansu hutu duk sati shida zuwa takwas, ƙananan kamfanoni kuwa sukan yi shiru da zancen har sai ka tambaya. Mafi muhimmanci, inshorar da za ta ɗauke ka a jirgi zuwa Kamaru ko Nairobi idan ciwo ya yi tsanani, da alƙawari a rubuce cewa idan aka kwashe ma'aikata saboda rikici kana cikin jerin. Nan ne ake yi wa baƙar fata wayo: ranar gudu sai a ce ai kai ɗan Afirka ne, za ka iya sajewa. Kai ne ma ba za ka saje ba. In suka ƙi rubuta waɗannan biyun, ni a ganina aikin bai kai a je ba, komai kaurin albashin.

Maganar kuɗi. Sefar can ta BEAC ce, babban bankin ƙasashen yankin, irin ta Kamaru da Chadi. Darajarta ɗaya da ta Nijar, 655.957 a kan yuro guda, amma takardun daban ne, sefar Yamai ba ta sayen ko biredi a Bangui sai an canza, kuma mai canji zai ci nasa. Naira ba ta da kasuwa. Ka zo da yuro, sababbin takardu marasa yagewa, ta fi dalar Amurka sauƙin canji tunda farashinta a ƙulle yake. Bankuna ƙalilan ne, irin su Ecobank da BSIC, na'urar cire kuɗi takan ƙare ko layi ya ɗauke, a wajen Bangui kuma kusan babu banki. Aika kuɗi waje ta banki ya yi wuya tun da BEAC ta tsaurara dokar canji a 2019, sai ka nuna kwangila da takardar albashi. Dabarar ita ce a raba albashin: kaso mafi girma a zuba kai tsaye a asusunka na gida, ɗan abin kashewa a ba ka a can. 'Yan kasuwar PK5 suna da hanyarsu ta aikawa zuwa Kano ta hannun abokan hulɗa, tana da sauri, amma amana ce zalla ba takarda, sai ka fara da kaɗan. Canji ƙanana kullum matsala ne, mai tasi ba zai canza maka dubu goma ba. Mutumin Nijar zai ji daɗin lissafin kasuwa: yadda yake ƙirga da dala, biyar-biyar, haka suke ƙirga da pata a harshen Sango, jikka kuma ita ce saki.

Za ka yi mamakin tsada. Ƙasar ba ta da teku, kusan komai daga tashar Douala yake zuwa a mota, tafiyar kusan kilomita 1,400 ta Garwa-Bulai, Bouar, Bossembélé, Boali. Hanya ɗaya ce tal. Da 'yan tawayen CPC suka toshe ta a ƙarshen 2020, manyan motoci ɗaruruwa suka yi makonni a kan iyaka, farashin albasa da fulawa da siminti ya yi sama, har mayaƙan suka taɓa bakin Bangui ranar 13 ga Janairu 2021. Man fetur kuma wani kaso nasa ta kogin Ubangi ake hauro da shi daga wajen Kinshasa, kogin kuwa ba ya ɗaukar manyan jirage idan ruwa ya janye da rani. Tunda sito za ka riƙe, wannan lissafinka ne na kullum: kayan da kake buƙata a Maris tun Nuwamba ake odarsu, tankin mota kuma ba a bari ya sauka ƙasa da rabi.

Gida a nemi mai katanga da ƙofar ƙarfe, kusa da wurin aiki, ta yadda ba sai ka ratsa unguwanni da yawa ba. Haya ta yi tsada saboda ma'aikatan MINUSCA, rundunar Majalisar da ke can tun 2014, kuma masu gida kan nemi kuɗin watanni a gaba. Kada a biya sai an ga takardar mallaka, domin gidaje da dama na waɗanda suka gudu ne wasu suka shige, ranar da mai shi ya dawo kai ne a tsakiya. PK5 za ta ja hankalinka, ga masallaci, ga naman yanka, ga Hausa ana yi a layin 'yan tireda. Ka je cefane da Juma'a da rana. Kwana dai ya danganta da dokar kamfaninku, kuma idan gari ya rikice unguwar ce ta farko da ake rufewa. Unguwanni irin su Boy-Rabe, da aka sani da anti-balaka, ba wurin yawonka ba ne.

Wutar ENERCA, kamfanin lantarkin ƙasar, daga madatsar Boali take zuwa, an ƙara da tashoshin hasken rana, amma har yanzu rabo ake yi unguwa-unguwa, kuma idan ta dawo takan zo da ƙarfin da ke ƙona firji. Sitabilaiza dole ne. Soket ɗinsu irin na Faransa ne mai ƙafa biyu zagayayyu, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ka sayo adafta tun daga gida. Ga mutum ɗaya, faifan sola huɗu masu wat 400, batirin lithiyom mai kilowat-awa 5 da inbata mai 3 kVA sun riƙe fitilu, fanka, firji ƙarami da kwamfuta, ban da na'urar sanyaya ɗaki. Janareto ya zama na ko-ta-kwana, don ranar da mai ya yanke shi ma gunki ne. Ruwan famfo na kamfanin SODECA yana zuwa yana ɗaukewa, sau da yawa cikin dare, sai a sa tanki mai lita 1,000 a bar famfonsa a buɗe. Na sha a tace a tafasa, ya yi minti guda yana ɓararraka. A ɗaki kuma a ajiye abin da zai riƙe ka sati biyu ba ka leƙa waje ba: ruwa lita 20 a kowace rana, shinkafa, taliya, man gyaɗa, sardin, gas cike, tocila, rediyo mai batir, katin waya. Layi biyu za ka riƙe, Orange da Telecel ko Moov, don ba safai suke ɗaukewa tare ba.

Zazzaɓin cizon sauro shi ya fi bindiga kwantar da baƙi. Kada ka ce ai mun saba da shi a gida. Can damina doguwa ce, daga wajen Afrilu har Nuwamba, sauro ba ya hutu. Gidan sauro mai magani kowane dare. Ka riƙe abin gwaji na gaggawa da maganin artemether-lumefantrine daga kantin da ka yarda da shi, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Babba yana shan ƙwaya 4 masu 20/120 sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8, sauran safe da yamma, kuma da abinci mai maiƙo ko madara, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa sosai. Inda ake kuskure shi ne a ji sauƙi a rana ta biyu a ajiye. Amai da ya hana magani zama, ko rikicewar hankali, ko fitsari baƙi, wannan na allura ne a asibiti a daren, ba a jiran safiya. Gwajin jini mai inganci ana samu a Institut Pasteur. Mai hawan jini ko ciwon suga ya zo da maganin wata shida. Haƙori ma a gyara shi tun a gida.

Abinci ba zai ba ka wuya sosai ba. Gozo tuwon rogo ne, miyar ganyen rogo da ta koko suna da daɗi, sai dai a tambayi naman da ke ciki, domin naman daji da alade ruwan dare ne. Naman dajin ko don ƙyandar biri ma a bar shi.

A shinge, gilashi ƙasa, hannu a fili, da dare a kunna fitilar cikin mota. Gaisuwa ta riga takarda: bara ala, wato sannu, sannan singila, wato na gode, idan an sallame ka. Kalmomin Sango goma sun fi Faransanci mai kyau saukar da fuskar soja. Za a nemi abin da suke kira formalité, wato na goro, direban kamfani ya san yadda ake yi, ka bar masa maganar. Kada a sami laya ko guru ko wuƙa a jikinka, can alamar mayaƙi ce. Kada ka ɗaga waya kusa da barikin soja, fadar shugaban ƙasa, filin jirgi, ko Rashawan da ke ƙasar tun 2018, kuma hotunan gawarwaki da bidiyon yaƙi da ake turowa a WhatsApp a goge su, ana bincika waya. Siyasar Shugaba Touadéra da Rasha da Faransa ba taka ba ce, ko a teburin shayi.

Bayan gari da dare ba a tafiya, ko da rana ma sai an tambayi halin hanya a safiyar. A yamma da arewa maso yamma, wajen iyakar Kamaru da Chadi, an sha dasa nakiyoyi a hanyoyin ƙasa tun wajen 2020, don haka in kamfaninku na da damar jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHAS, a hau su. Idan mota ta buge mutum a cikin gari taro kan haɗu nan take, abin yi shi ne a wuce ofishin jandarma mafi kusa a kai rahoto, a kira kamfani daga can.

Sai abu guda da ke jefa 'yan'uwanmu a kurkuku fiye da kowane: wani zai zo maka da ɗan ƙullin lu'ulu'u ko garin zinariya a farashin banza, har ya yi maka Hausa. Sayen su sai da lasisi, fita da su sai ta ofisoshin da hukuma ta amince, kuma sau da yawa mai tallar da mai kamun bakinsu ɗaya. Ko riƙewa kada ka yi.

Jirgi kuma ASKY ta Lome ko Ethiopian ta Addis Ababa su ne sauƙin ɗan Najeriya. Ka nemi tikitin dawowa wanda ake iya sauya masa rana, ya kasance a hannunka kai, ba a aljihun manaja ba.