Na bar waƙa, amma waƙata ta ƙi mutuwa: ina matsayin tubana?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina saurayi na yi waƙar soyayya da kiɗan fiyano a wani situdiyo nan Maradi. Ta karɓu fiye da zatona, har Katsina da Kano ana sa ta. Yanzu na tuba, ina sayar da kayan gyaran babur. Amma har yau ana sa ta a gidan biki, 'yan kabu-kabu na jin ta, yara sun ɗora ta a TikTok. Wadda na ambaci sunanta da unguwarsu a ciki ta auri wani, har da 'ya'ya. Wani mai wa'azi ya ce tubana ba ta karɓuwa muddin ana jin waƙar. Haka ne?

Amsa: Bismillah. Ɗana, Allah ya tabbatar da kai. Hukuncin kiɗa ba sai na maimaita maka ba, abin da Risala ta faɗa ka sani, shi ya sa ka bari.

Maganar mai wa'azin nan kuwa ba daidai ba ce, kuma tana da haɗari, don tana iya mai da mai tuba inda ya fito. Masu wannan ra'ayi suna jingina da hadisin Muslim cewa wanda ya sunnanta mummunar sunna yana ɗaukar zunubin duk wanda ya yi aiki da ita. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana a kan wanda bai tuba ba. Shirka ma tuba na shafe ta, balle waƙa. Sai kuma labarin da ake yawo da shi na mutumin da ya ɓatar da mutane sannan ya zo tuba, aka ce masa yaya zai yi da waɗanda ya ɓatar. Wannan daga Isra'iliyyat yake, wato labaran da aka ɗauko daga Banu Isra'ila, Ibn Taimiyya ya yi masa raddi, kuma ba a rufe ƙofar tuba da aya ta 53 a Suratuz Zumar ta buɗe da irin wannan labari. Dubi Ka'abu ɗan Zuhairu da Abu Sufyan ɗan Haris. Mawaƙa ne da suka yi wa Manzon Allah (SAW) zambo, baitocinsu suka shiga bakin Larabawa. Da suka zo suna masu tuba, an ce su bi tanti-tanti su kwaso baitocin? Ba a ce ba. To kai wa zai ɗora maka bin memorin wayoyin mutane daga Tasawa zuwa Jibiya? Abin da ke hannunka shi ake tambayarka: ka sauke ta daga shafinka, kada ka ƙara karɓar ko dala a kanta, wanda ya nemi izininka ka hana shi.

Inda na fi tsayawa shi ne abin da ka faɗa a gurguje, wato sunan baiwar Allah nan. Malaman fiƙihu sun bambanta waƙar bege ga macen da ba a ayyana ba da wadda aka kama sunan sananniyar mace da ba matarka ba. Ta biyun haramun ce ko babu kiɗa, kuma haƙƙin ɗan Adam ya shigo ciki. Wannan mata tana zuwa biki ta ji ana kiran sunanta da bakin wani namiji, ƙila gaban dangin mijinta. Garin nan kowa ya san kowa.

Sai dai kada ka ɗauki waya ka kira ta da sunan neman gafara; Shaiɗan na son irin wannan ƙofa, kuma za ka iya girgiza mata aure. Idan tana da wa ko kawu mai hankali, ka aika saƙon neman gafarar ta hannunsa. In ka ga hakan zai ta da ƙura, ka bari, ka yawaita yi mata addu'a da sadaka. Idan za ka sanar da mutane ka bar waƙar, ka yi a dunƙule, kada sunanta ya sake fitowa.

Abu ɗaya kuma, kada ka ji haushina. Na lura yadda ka ce har Katsina da Kano. Ka binciki zuciyarka in ka ji waƙar daga fadar samari: baƙin ciki kake ji ko ɗan daɗi? In daɗin ne ya motsa, ka yi istigfari ka wuce, kada ka tsaya ana nuna ka ana cewa ga mai waƙar. Kuma wannan murya da Allah ya ba ka, ka kai ta makarantar dare ka gyara tajwidi.

Wallahu a'alam.