Manhajar gwaji a wurin aiki: a saka ko a dakata?

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutoci 12 a ofishinmu. Ina jin ana yaba sabbin abubuwan da ke cikin Windows na gwaji. Shin in shigar da mu duka cikin shirin Windows Insider?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Ni ma ina gwada irin waɗannan manhajoji, ina kuma jin daɗin ganin abu tun bai fito ba, amma a wata tsohuwar kwamfuta da ko ta mutu yau ba zan yi asarar komai ba. Microsoft ya buɗe shirin a watan Oktoban 2014 domin jama'a su taya shi gano kurakurai. Duk wanda ya shiga ya yarda ke nan a yi gwaji a kansa, kuma mai lissafin albashinku bai ɗauki wannan alkawari ba.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne fita. Windows na ba ka kwana 10 ka koma tsohon zubi bayan babban sabuntawa. Idan wa'adin ya wuce, ko ka shiga matakin gwaji na can gaba irin Canary, sau da yawa sai ka goge komai ka sake ɗora Windows daga tushe.

Ko wanda aka ce an kammala ma yakan yi tuntuɓe. A Oktoban 2018 wani sabuntawar Windows 10 ya goge wa wasu fayilolinsu, har kamfanin ya dakatar da shi cikin 'yan kwanaki. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma sabuntawar manhajar tsaron kwamfuta ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya. Saboda haka ware kwamfuta ɗaya da za ka fara gwada kowane sabon zubi a kanta, ko ka ƙirƙiri ta wucin gadi da Hyper-V ko VirtualBox, ka ɗora mata manhajojin da kuke aiki da su kullum, har da firinta. In ta yi mako biyu lafiya, sai mutum biyu masu haƙuri, sannan saura.

Tambaya: Wani kamfani na tallata mana manhajar kula da ma'aikata. Abin da ya fi burge ni a ciki sun ce yana "matakin gwaji". In sa hannu?

Amsa: Hajiya, kalmar ba ta da ma'ana ɗaya. Gmail ya ɗauki sunan beta, wato matakin gwaji, daga 2004 har 2009 alhali miliyoyi na amfani da shi lafiya. Takardar yarjejeniya ce za ta faɗa miki gaskiya. Manyan kamfanoni kan yi alkawarin aiki kashi 99.9 cikin ɗari, wato tsayawar da ba ta wuce kimanin minti 43 a wata ba, amma sukan cire kayan gwaji daga wannan alkawari. Sharuɗɗan Azure, dandalin Microsoft na ayyukan kwamfuta ta intanet, ma haka suka ce ƙarara.

Na taɓa gwada wata manhaja irin wannan. Ta canza tsarin fayil ɗina shiru, da na koma tsohon zubi sai fayil ya ƙi buɗewa, na kwana ina kwafe sunaye ɗaya bayan ɗaya daga takardar da na taɓa bugawa. Har yau abin na yi mini ciwo. Don haka kafin ki sa hannu, ki ce su fitar da bayananku a gabanki zuwa fayil ɗin da Excel zai buɗe. Ki kuma auna manhajar da abin da take yi yau. In ba za ki saye ta ba sai don wancan ɓangare, ki jira su rubuta miki ranar fitowarsa a cikin yarjejeniyar.