Ɗaki da sanyi, kwamfuta na zafi a jirgin ruwa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce an tura ku gyara a wani jirgin sojan ruwa a nan Jidda, ɗakin kwamfutoci da sanyi amma na'urorin cikin kabad suna kashe kansu saboda zafi, kana tambaya ko a ƙaro mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kada ka ƙaro komai tukuna.

Na daɗe a aikin nan, kuma abin da na fi gani shi ne a rataye ma'aunin zafi a bango a ce lafiya lau. Kwamfuta ba ruwanta da bango, iskar da ke shiga ta gaban kabad take shaƙa. Nan za ka auna, ƙasa da tsakiya da sama. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya iska ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27. In ƙasa ta ba ka 20, sama ta haura 30, to iskar baya mai zafi ce ke zagayowa, galibi ta gurbin da aka zare wata na'ura aka bar shi a buɗe. Toshe guraben da faranti, ka ɗaure wayoyin da suka cunkushe baya, ka wanke filta. Ƙurar garin nan ai ka san ta.

In wannan bai yi ba, bi zafin har inda yake ƙarewa. Duk wutar da na'ura ta ci zafi take komawa, kowane kilowat 3.5 kuma tan ɗaya na sanyi yake nema (tan shi ne ma'aunin ƙarfin na'urar sanyi). A jirgi iska na miƙa zafin ga ruwan sanyi na cikin bututu, mai digiri 6 ko 7, shi ya kai wa babban injin sanyaya ruwa, injin ya zubar da shi a teku. To ga matsalarmu: da zafi ruwan Bahar Maliya yakan kai digiri 30 har ya wuce, gishirinsa kusan giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Masu aiki a tashar Jubail ta gabashin Saudiyya ma kukansu ke nan. Rariyar da ke tace ruwan teku ta toshe da ciyawa da ƙananan halittu, bututu ya yi dattin gishiri, sai injin ya gaza, kai kana sama kana zargin fanka. Roƙi injiniyan jirgin ya duba maka littafinsa, zafin ruwan da ke shiga da na fita.

Don Allah kada a bar ƙofa a buɗe wai a sha iska. Iskar teku laima ce da gishiri, tana taɓa ƙarfe mai sanyi ya yi zufa, tsatsa ta bi allunan lantarki. Ka duba tiren da ke tare ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyi ma, don jirgi na tangaɗi, in mafitarsa ɗaya ce ta gefe guda zai yi ambaliya.

Mukayyif ɗin gida kuwa ban yarda da shi ba sam. Ba a ƙera shi don girgiza da gishiri ba, kuma bangon jirgin yaƙi ba a huda shi sai da izini.

Turo mana lambobin da ka auna mu duba tare, amma ban da hoton cikin jirgin, don wurin soja ne. Allah Ya taimaka.