Amsa: Me ya sa bugun agogo ya ƙi barin firosesa ta 3?

Malam, ka ce a kwamfutarka mai Linux ka sauya smp_affinity, fayil ɗin da ke zaɓar firosesar da katsewa (interrupt) za ta je wa, don ka raba firosesa ta 3 da katsewar agogo, amma layin LOC a /proc/interrupts bai daina hawa ba. Ta wannan hanyar kam ba zai daina ba. LOC na agogon APIC ne, wato sashen kula da katsewa wanda ke jikin kowace firosesa. Ba shi ma da lamba a /proc/irq, balle a ce za a ɗauke shi a kai wani wuri.

Haka Linux yake rabon tun da fari. Duk na'urar agogon da ta yi rajista tana zuwa da maki da jerin firosesoshin da za ta iya yi wa aiki, kuma kanel, wato zuciyar Linux, ya fi son wadda take ta firosesa ɗaya tak. HPET, agogon da ke wajen firosesa wanda kowace firosesa ke iya amfani da shi, yawanci ana ajiye shi ne don tashin firosesar da agogonta ke tsayawa in ta yi barci mai nauyi. In ka ga alamar arat a /proc/cpuinfo, agogon APIC ɗinka ba ya tsayawa. Leƙa /proc/timer_list, za ka ga wa ke riƙe da me.

Abin yi shi ne ka hana agogon dalilin bugawa. Saka nohz_full=3 isolcpus=3 irqaffinity=0-2 a layin tashin kanel. Damar nohz_full, mai tsayar da bugun, ta shigo ne a kanel 3.10, cikin 2013, kuma sai an gina kanel da CONFIG_NO_HZ_FULL. Kar ka zaɓi firosesar da kwamfuta ke tashi da ita, ita ce ke kula da jiffies, wato ƙidayar bugun agogo ta kanel.

A nan ne mutane suka fi sha kashi: bugun ba ya tsayawa sai in aikin da ke gudana a firosesar bai wuce ɗaya ba. Da na biyu ya shigo, ko da ƙaramin zaren kanel ne, sai ya dawo, sau 250 a daƙiƙa in HZ ɗinka, wato yawan bugun da aka gina kanel da shi, 250 ne. Haka ma bugun ba ya tsayawa in kanel bai yarda da TSC ba, wato ma'aunin lokaci na cikin firosesa. Duba current_clocksource, in ya ce hpet maimakon tsc, daga can za ka fara gyara.

Sai agogunan da direba ya ɗaure da add_timer_on ko TIMER_PINNED. Waɗannan timer_migration, saitin da ke mayar da agoguna zuwa wata firosesa, ba ya taɓa su, sai dai ka bi sawunsu da ftrace, kayan bin sawu na kanel, a timer_expire_entry ka ga wa ya kafa su.