Injin Kwale-kwalena Yana Zafi, Me Ya Same Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwale-kwale da nake ɗaukar yashi da tsallakar da mutane a Kogin Kaduna, ta wajen Kabala. Injin tsoho ne, mai ƙarfin doki 40, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Tun shigowar damina fitsarinsa, wato ɗan ruwan sanyaya inji da yake fesowa waje, ya rage ƙarfi, in na rage gudu ma sai ya koma ɗiga. Kan injin yana zafi har ba ya taɓuwa, wani lokaci ya mutu da kansa. Bakanike ya cire tamostat ya ce zai huce, amma har yau shiru. Ina mafita?
Mai karatu daga Kabala

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, don Allah ka daina ɗaukar mutane da injin nan sai an gyara shi. Ka fi ni sanin yadda kogin yake cika a watan Agusta da Satumba, kuma inji ya mutu a tsakiyar ruwa da mata da yara a ciki ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Yadda ka kwatanta, zargina ya fi ƙarfi a kan famfon ruwa. Injin kwale-kwale ba shi da lagireto irin na mota, ruwan kogin yake zuƙa ta ƙananan ramukan da ke ƙafarsa sama da farfela, ya zagaya da shi cikin inji, ya fitar. Abin da ke tura ruwan wata roba ce mai fukafukai, tana juyawa cikin kofin ƙarfe a saman akwatin giya. A ƙaramin gudu sai fukafukan sun manne da jikin kofin sosai suke iya tura ruwa. In sun cinye ko sun sandare, sai ka ga fitsari yana ɗiga in an rage wuta, ya ɗan farfaɗo in an ƙara. Abin da ka faɗa ke nan.

Kuma ruwanmu na Kaduna ba ya raga wa robar nan. Da damina ja wur yake zuwa da laka, da rani kuma ya janye, ƙafar inji ta riƙa sharar yashi. Kai da yashin ne ma sana'arka, famfonka yana shan abin da na masunci ba ya sha. Yashi yana cin robar, yana cin kofin, yana cin farantin ƙarfen da ke ƙasa. Shi ya sa nake hana mutane canja roba kaɗai. In an sauke ƙafar injin, sa yatsanka cikin kofin ka shafa. In ka ji zane-zane sun yi zurfi har farce yana maƙalewa, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Sayi saitin gaba ɗaya, da gasket ɗinsa (shimfiɗar da ke hana yoyo) da ɗan makullin da ke riƙe robar a jikin sandar da ke juya ta. Wajen mayarwa a riƙa juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya ana danna kofin, don fukafukan su kwanta ta fuskar da ta dace, a kuma tabbata bututun ruwa ya shiga mazauninsa.

Ka ƙirga fukafukan tsohuwar robar. In ɗaya ya gutsure, guntun yana can cikin hanyar ruwa, dole a nemo shi, in ba haka ba zafin zai dawo.

Kafin ka kashe kuɗi dai, duba abu biyu masu sauƙi. Ɗaga injin ka ga ko leda ko kainuwa ta toshe ramukan shan ruwa. Ledar ruwan sha ta kashe injuna da yawa a kogin nan. Sannan ka zura siririyar igiyar kamun kifi a ramin fitsarin, domin laka na toshe shi, zanzaro ma yakan yi ɗaki a ciki in inji ya kwana biyu a ajiye.

Maganar tamostat kuwa, bakaniken bai kyauta maka ba. Aikinta ta riƙe ruwa har inji ya ɗumama, wajen digiri 50 zuwa 60, sannan ta buɗe. In an cire ta, ranar da famfo ya dawo daidai injin zai riƙa aiki da sanyi, fulogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru. In tana nan, jefa ta a ruwan zafi ka gani da idonka ko tana buɗewa. In ba ta buɗe ba, a sayi sabuwa a mayar.

Wani abin da ke ba ni takaici: sai a ɗora inji a kan benci a tayar da shi a bushe, wai a ji ƙararsa. Ruwa ne man shafawar robar nan, ƙasa da minti ɗaya ya isa ta ƙone. Duk wanda zai tayar maka da inji a tudu, ya tsoma ƙafar a durom ɗin ruwa har ruwan ya wuce famfon.

In an gyara famfo, fitsari ya dawo da ƙarfi, amma kan injin bai bar zafi ba, to a kwance fulogi. Ɗigon ruwa a bakinsa ko tsatsa alama ce gasket ɗin kan inji ya ƙone, abin da nake jin tsoro ke nan tunda ka ce yana mutuwa da kansa. A buɗe kan, a duba fistin da silinda, a kankare lakar da ta daskare a hanyoyin ruwa. In kuwa fulogin fari ne fat, mai ne bai isa ba, a wanke kafireta. Haɗin mai ma kada a yi masa ƙwauro: yawancin irin injin nan lita 25 na fetur rabin lita na baƙin mai yake so, kuma man injin ruwa, ba na mota ba.

Bayan gyara, ka ɗan yi tafiya kusa da gaɓa ba kaya, ka ɗora tafin hannu a kan injin. Lafiyayye zai yi zafi, amma za ka iya jurewa ɗan lokaci. In ya kore hannunka nan take, ko ka ga tururi a fitsarin, kashe shi ka bar shi ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwan sanyi. Sai ka sake rubuto mini abin da fulogin ya nuna.