Tambayoyinku: MP3 na yara, memori mai gardama, da maganar iyafis

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, hutu ya zo yara sun cika gida, iyaye na neman abin da za su riƙa sauraro da shi ba tare da an damƙa musu waya ba. Na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar yadda ake dawo da hotunan da aka goge ku yi haƙuri sai wani makon.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 9, yana hadda a Islamiyya, malaminsu ya ce a nemo masa abin jin karatu. Ina da tsohuwar Android a ajiye, in cire sim in ba shi ko in sayi wani abu daban? (Wata uwa daga Unguwar Dosa)

Amsa: Hajiya bar wayar nan a durowa inda take. Cire sim ba ya hana komai, yaro ɗan shekara 9 a Kadunan nan ya fi ki sanin yadda ake kama intanet ɗin maƙwabta, kuma ko babu intanet ɗin abokansa za su cika masa ita da gem da bidiyo ta Xender kafin ki sauke tukunyar rana, ke kina kicin kina murna yana hadda shi kuma yana can yana tseren mota.

Ki saya masa ƙaramar MP3 mai madanni wadda ba ta hawa intanet sam. Ki kula fa, yanzu akwai waɗanda ake sayarwa da sunan MP3 amma cikinsu Android ce, ga Wi-Fi ga ƙaton sikirin na shafawa, wannan waya ce da ba ta kira kawai, kar mai shago ya lallaɓa ki da ita. Ki duba tana da ramin memori, tana caji da irin igiyar da kuke da ita a gida, sannan tunda hadda ce ki tabbatar tana da abin nan da aka rubuta A-B. Yaro zai danna a farkon aya ya sake dannawa a ƙarshenta, sai ta yi ta maimaita masa wannan gaɓar har ta zauna. 'Yan China irin su Ruizu da AGPTEK yawancinsu suna da shi kuma ba su da tsada. SanDisk Clip Sport tana da maƙali da ake maƙalawa a riga, wanda ga yaro mai yawan yar da abu ba ƙaramin taimako ba ne, sai dai samunta sai an bincika. Kar ki wahalar da kanki neman babban memori, 8GB ya isa, minti ɗaya na MP3 bai cika wuce 1MB ba, kin ga awa sama da 100 kenan. In za ki shiga Kasuwar Sheikh Gumi ki tafi da memorinki da karatu a ciki, a saka a gabanki ki ji ta yi aiki kafin kuɗi ya bar jakarki.

Tambaya: Na zuba surori a MP3 amma a hargitse take kawo su, daga Baƙara sai ta faɗa Yasin. (Wani ɗalibi daga Tudun Wada)

Amsa: Ƙanena ba aljanu ba ne. Ka sake wa fayilolin suna su fara da lamba uku-uku, 001, 002, har 114, ba 1, 2, 3 ba. Ka goge na ciki ka sake turawa a jere, domin wasu masu arha yadda aka zuba musu haka suke karantawa. Ka kuma leƙa saiti ka kashe wurin da aka rubuta Shuffle, mai cakuɗa fayiloli, ina kyautata zaton kai ka kunna ta.

Tambaya: Na saya wa 'yata MP3, shekararta 11, amma ta ce iyafis ɗin da ya zo da ita ba shi da ƙara ko ta ƙure. Wane iri ne ya fi duka ƙara in saya mata? Da shi ma take kwana. (Wani uba daga Barnawa)

Amsa: Alhaji ka gyara zama, domin wannan tambayar taka ta taɓa min inda yake min ciwo. Ba zan faɗa maka wanda ya fi ƙara ba. Yarinya 'yar shekara 11 ta ƙure ƙara ta ce bai ishe ta ba, kuma ta kwana da abin a kunne har asuba, ai kamata ya yi hankalinka ya tashi, ba wai ka shiga kasuwa neman wanda ya fi shi ba.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai nannaɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu kama da gashi, kusan 16,000 ake haihuwar mutum da su a kowane kunne, su ne suke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ya mutu kenan, ba ya sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya babu rubutu da zai dawo da shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ya zafi, babu jini babu kumburi, yaro yana ta wasansa abin yana ci a hankali, sai bayan shekaru a ga ya zama mai yawan cewa "na'am?" a aji malami ya ɗauka iskanci ne ko daƙiƙanci har a riƙa dukansa a kai.

Ana auna ƙara da desibel. Hirar da muke yi a falo wajen 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2019 ta ce babba zai iya sauraron 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma 75. In aka kai 90 lokacin ya dawo awa 4 kacal a mako gaba ɗaya, in aka kai 100 kuwa magana ake ta mintoci, kuma 'yan na'urorin nan da yawansu in aka ƙure su suna kaiwa nan. To yanzu ka lissafa min, yarinyarka ta ƙure, ta kwanta ƙarfe 9 ta tashi ƙarfe 5, awa 8 a dare ɗaya, sau 7 a mako. Hukumar ta ce matasa sama da biliyan 1 ne a duniya ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraron, ba na so 'yarka ta shiga lissafin.

Kwanaki na hau keke daga Kawo zan shiga gari, wani yaro da kayan makaranta a gefena, bai fi shekara 13 ba, wallahi duk da rurin injin keken ina jin kiɗan da ke fita daga kunnensa kamar a nawa aka saka. Sau uku mai keke yana cewa "yaro ina za ka sauka", shiru, sai da na dafa kafaɗarsa ya zabura ya zare ɗaya. Da ya sauka ya mayar da abinsa ya tsallaka titi bai waiga ba, ni kuma na bi shi da ido gabana na faɗuwa har ya haye. Wanda ya san yadda tirela ke gudu a Baifas ya san me nake nufi.

Kuma kar wani ya ce min ai karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi yake ji ba waƙa ba. Lada daban, kunne daban. Kunne ƙarfin sauti ya sani da tsawon lokaci.

Ga abin da za ka yi tun daren yau. Iyafis ba ya shiga gado, in sai da sauraro take barci a kunna mata a sifika can gefe a hankali, a saita agogon da zai kashe na'urar da kansa bayan minti 30, yawancin MP3 suna da shi. Ka shiga saiti ka nemi wurin ƙayyade ƙara ka tsayar da shi wajen rabi ko sama kaɗan, a Walkman na Sony AVLS ake ce masa. In tata ba ta da shi ka sayo hedifon na yara wanda aka ɗaure ba ya wuce 85, mai rufe kunne ta waje, ya fi wanda ake cusawa cikin rami, kuma shi ma ba lasisin yini da shi ba ne, awa ɗaya a cire a huta. Gwajin da nake yi wa nawa yaran a gida mai sauƙi ne, in tsaya nesa da yaro kamar tsawon hannu in yi magana yadda na saba, in bai ji ni ba ko ni ina jin abin da yake saurare, to ya yi yawa, a rage. Sannan in janareta na aiki a tsakar gida ko ana markaɗe a maƙwabta a ajiye sauraron, domin a lokacin ne yaro ke ƙara murya don ya danne hayaniyar waje, kunnen ya sha biyu. Ɗan ƙasa da shekara 7 kuwa ni ban yarda a sa masa komai a kunne ba, a saya masa 'yar sifikar nan mai cin memori, kowa a ɗakin ya ji abin da yake ji, kai ma ka san me ke ciki.

Ita kuma 'yarka tunda har ta fara cewa ba ta jin ƙara, ka tambaye ta ko tana jin wani "shuuu" ko ƙuwwa in wuri ya yi tsit, ka lura ko ta fi kowa ƙure talabijin. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garin nan take, mutane daga wasu jihohi suke tasowa su zo. Ka kai ta a auna. Wataƙila dauɗar kunne ce kawai ta toshe a wanke mata, wataƙila iyafis ɗin ne mataccen, amma a bar likita ya faɗa, kar a tsokale da tsinken ashana ko a ɗiga mata mai a gida.

Tambaya: Na sayi memori 64GB, waya tana gani amma MP3 ɗin yarona ta ƙi. (Wani daga Rigasa)

Amsa: Memorin da ya wuce 32GB da tsarin adana fayiloli da ake kira exFAT yake zuwa, ƙananan MP3 da yawa tsohon tsarin da ake kira FAT32 kawai suka sani. Ka kwashe kayanka ka yi masa fomatin zuwa FAT32, ko ka huta ka sayi 16GB. In kuma araha ta ruɗe ka ka saye shi a bakin titi, gwada shi a kwamfuta da H2testw, manhajar da ke auna ainihin girman memori, jabu sun yi yawa, a rubuce 64 a ciki ko 8 babu.

Tambaya: Karatun da malaminsu ke turowa ta WhatsApp ba ya buɗewa a MP3. (Wata malama daga Malali)

Amsa: Malama saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, wani nau'in fayil ɗin sauti ne da ake kira opus. Ki sauke manhajar juya sauti a wayarki ki mayar da shi MP3 sannan ki tura.

Tambaya: Murfin bayan MP3 ɗin ya ɗago kamar burodi amma tana aiki, in ɗaure da salatif? (Wani daga Kabala)

Amsa: Ɗan uwa salatif kuma? Batirin ne ya kumbura, zai iya kamawa da wuta. Karɓe ta daga hannun yaro yanzu, kar a sake sa ta a caji, kar a huda, a ajiye ta waje nesa da katifa. In kun sayi sabuwa a daina barin ta a caji kwana guda ko a cikin mota da zafin Maris da Afrilu.

Tambaya: Yayana zai aiko min da iPod daga Ingila don 'yata, ya yi? (Wata daga Unguwar Rimi)

Amsa: Apple sun daina ƙera iPod, wato na'urarsu ta jin sauti, tun 2022, duk wanda zai aiko tsoho ne, batirinsa ya sha jiki, kuma zuba masa karatu sai da kwamfuta, ba ya cin memori. In iPod touch ne ma yana hawa intanet, mun koma maganar Hajiyar Unguwar Dosa. Ki ce ya aiko da hedifon na yara mai 85 ɗin nan, MP3 ɗin ki saya a nan.