Sarauniyar kyau da aka tsangwama a makaranta

Kin tambaya ko akwai sarauniyar kyau da ta yi wani abin kirki kan cin zalin ɗalibai, ba ɗaukar hoto kawai ba. Akwai, 'yar uwa. Erika Harold ce ta lashe kambun Miss America na 2003. Tun tana sakandare a Urbana, jihar Illinois, 'yan ajinsu suka sa ta gaba da zagi saboda launin fatarta, har sai da ta sauya makaranta. Da ta samu kambun, sai ta riƙa zagaya makarantu tana ba yara labarinta, abin da ya fi burge ni kenan. Kuɗin gasar ya taimaka mata karatun lauya a Jami'ar Harvard. A 2018 ta nemi kujerar babban lauyan Illinois, amma ta faɗi zaɓen.